Ilimin Ƙwari Faralin Kifaya Ne

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci giwa ya halicci kiyashi, bai yi ɗayansu don wasa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata magana da ta kamata malamai da 'yan kasuwa na ƙasar Kankiya da Kusada su tsaya su duba. Idan yaro ya ce zai tafi jami'a ya karanta aikin likita ko shari'a, sai gida ya cika da murna. In kuwa ya ce ilimin ƙwari zai nema, watau ya san halin fara da tsutsa da ƙudan zuma, sai a kwashe da dariya, a ce ashe boko har ya kai ga wannan. To, wannan dariya kuskure ce, hasararta kuwa a rumbu take bayyana.

Malamai ba su bukatar a tuna musu cewa a cikin Alƙur'ani mai girma akwai sura da aka sa wa sunan ƙudan zuma, da wadda aka sa wa sunan tururuwa, da ta gizo-gizo, an kuma buga misali da sauro da ƙuda. Abu Dawuda ya ruwaito hani ga kashe waɗansu halittu guda huɗu, daga cikinsu har da tururuwa da ƙudan zuma. Magabata ma ba su raina wannan fanni ba. Jahizu na Basra ya wallafa Kitabul Hayawan, Damiri na Masar, wanda ya rasu a shekara ta 1405, ya wallafa Hayatul Hayawan, littafin da har yanzu ake samu a zaurukan malamai. Imam Gazali kuwa, a cikin Ihya'u, ya sa likitanci da lissafi da noma cikin faralin kifaya, wanda in kowa ya bari jama'a duka sun yi laifi. Tun da noma ba ya tsayuwa sai an san abin da ke cinye shi, lalle sanin ƙwari ya shiga wannan hukunci.

Mene ne aikin wanda ya karanta wannan fanni? Yakan yi shekara huɗu ko biyar kafin ya sami digiri na fari, sa'an nan ya ƙara waɗansu shekaru yana bincike. Yakan kafa fitila a gona da dare ya kama abin da ya zo, ya ƙidaya, ya rubuta ranar da kowane ƙwaro ya fito da yawan ruwan da aka yi kafin fitowarsa. Bayan damina da yawa sai ya san wane ne mai ɓarna, wane ne kuma ke cin mai ɓarna. Irin wannan aiki ake yi a Samaru ta Zariya, wadda ta zama ɓangaren Jami'ar Ahmadu Bello tun da aka kafa ta a 1962. Yau ɗan Kankiya ba sai ya yi nisa ba, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ga ta Tarayya a Dutsin-Ma wadda aka kafa a 2011.

Mai son ganin amfanin wannan ilimi ya dubi Maradi, maƙwabciyar Katsina, inda gero da wake suke abinci kamar yadda suke a Kusada. Akwai tsutsa mai cin zangarniyar gero, wadda mutanen can ke kira murzuna. Masana, daga cikinsu har da Farfesa Ibrahim Baoua na Maradi, sun lura akwai wani ɗan zanzaro ƙarami ƙwarai wanda ke harbin tsutsar ya sa ƙwansa a jikinta, 'ya'yansa su cinye ta. Sai suka riƙa kiwonsa, suna zuba shi cikin ƙananan jakunkuna tare da gero da tsutsar da zai ci, ana ratayewa a ƙauyuka sa'ad da gero ya fid da kai. Zanzaron ya fita ya bi gonaki, ɓarna ta ragu, ba a fesa ko ɗigon guba ba. Da wani bai zauna shekaru yana duban abin da ido bai cika gani ba, da ba a san wannan bawa na Allah yana yi wa talaka aiki kyauta ba.

Sai maganar 'yan kasuwa. Kowane ɗan kasuwa da ya taɓa ajiye wake ya san abin da ƙwaro ke yi wa buhu cikin 'yan watanni. Tsoron haka ya sa waɗansu ke kwarara wa wake maganin feshi irin su Sniper, wanda ba don abinci aka yi shi ba. Sakamakon ya fito fili a 2015, da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda gubar da aka samu a cikinsa ta wuce ƙima. A 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabe na wannan magani. Abin da Turawa suka ƙi ci, shi ne almajiri da marayu ke ci a ƙosai da alale. Wanda ya sayar da abinci mai guba bai faɗa ba, ya yi algus, hukuncin algus kuwa sananne ne.

Alhali kuwa masana ƙwari sun riga sun kawo mafita. Tun daga 2007 ake yaɗa buhun nan na PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi tare da abokan aikinsu na Afirka. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhu na uku. In an zuba busasshen wake aka ɗaure kowace da kyau, ƙwaron zai shanye iskar da ke ciki ya mutu da kansa. Sanin cewa ƙwaro ma numfashi yake yi, shi ne dukan asirin.

Wani zai ce feshi ya fi sauri, manomi kuma ba ya iya jira. Gaskiya ne akwai ranar da ba makawa sai an fesa, kamar in fara ta sauka. Amma a tuna da 2016, shekarar da ƙwaron nan da manoma suka sa wa suna sharon ya cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina. An yi ta feshi, tsutsar kuwa tana ɓoye a cikin ganye da ɗan tumatir inda magani bai cika kai wa ba. A shekarar kuma aka fara ganin sabuwar tsutsar masara, baƙuwa daga nahiyar Amurka. Feshi ba da sani ba yana kashe ƙudan zuma da ke ɗaukar garin fure a ridi da kabewa da kankana, yana kashe zanzaron da ke tsaron gero, mai ɓarnar kuwa ya saba da gubar ya dawo da ƙarfi. Haka nan sare gawo da ɗorawa da tsamiya yana kore zuma, don babu inda za a ɗora amya.

Saboda haka abu uku ake nema. Uba kada ya karya zuciyar ɗansa in ya zaɓi wannan karatu. Attajirai na Kankiya da Kusada su ɗauki nauyin yaro ɗaya ko biyu masu hazaƙa, bisa sharaɗin in sun gama su riƙa dawowa suna zama da manoma suna bayani da Hausa, gama ilimin da ya tsaya a takardar Turanci bai isa gona ba. Malamai kuma su buɗe wa irin waɗannan masana zaurukansu, almajirai su ji hikimar halittun da suke karanta sunayensu a allo, su daina jifan amya da ƙone daji don farautar gafiya.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya tsare rumbuna daga ɓarna, ya tsare abincin Musulmi daga guba. Wasalam.