Narambaɗa Ba Ya Cikin Wayarku

Da ka ce waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa na salwanta, sai a zaro maka waya: "Ga Bakandamiya nan a YouTube." Mu da muke cin abinci da kwamfuta mun san abin da ke ciki. Kwafin kwafi ne, daga kaset zuwa kaset, aka matse shi zuwa MP3 har kotso ya koma kamar bugun gwangwani, muryar 'yan amshi ta nutse.

Yau fiye da shekara 60 da rasuwar makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu. Manhaja tana iya tace ƙara, amma ba ta jin Gobiranci, ba ta san wa aka yi wa zambo ba. Dattawan Isa da Sabon Birni ne suka sani, ga shi 'yan bindiga sun tarwatsa su, wasu har jihar Maraɗi.

Rediyon Tarayya Kaduna da Rediyon Rima su fito da tsofaffin faya-fayansu. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta tura ɗalibai gaban dattawan nan. Mu kuma mun ɗauki kwafa da adanawa, kyauta. In muka ce sai lafiya ta samu, za mu iske waƙa ba mai warware ta.