Sanyi Maganin Ƙwarin Gari

'Yan'uwana mata, yau zancenmu na gari ne, ko fulawa, ko na masara ko na dawa. Kun san yadda mace kan zuba gari a kwano ta rufe ruf, bayan wata guda ta buɗe ta tarar da 'yan jajayen ƙwari da tsutsa suna yawo ciki. Sai ta ce, ta ina suka shiga? To, sau da yawa ba shiga suka yi ba. Da ƙwansu aka kawo garin, tun daga injin niƙa ko kanti. Ƙwan nan ƙanƙane ne ƙwarai, fari ne, gari kuma yana manne masa, saboda haka rariya ba ta tare shi duka. Macen ƙwaro guda takan saka ƙwai ɗaruruwa, da zafi kuwa cikin kamar wata ɗaya ƙwai ya zama ƙwaro.

Maganinsu sanyi, amma ba irin na hunturu ko na randa ba. Ko firiji ma, wajen da ake ajiye miya hana su haihuwa kurum yake yi. Sai gidan ƙanƙara, inda sanyi ke kai digiri 18 ƙasa da sifiri, nan ne ƙwaro da tsutsa da ƙwai duk suke mutuwa.

Ranar da kika kawo gari, raba shi mudu-mudu cikin leda mai kauri, ki ɗaure tam. Kada ki tura buhu sukutum, don sanyi yakan daɗe bai kai tsakiyarsa ba. Ki bar shi kwana 4 aƙalla, ni dai na fi son 7. In wuta ta ɗauke har ƙanƙara ta narke, sake lissafi daga farko. Wadda ba ta da firiji ta roƙi maƙwabciya, mudu biyu ba su tare wuri.

Ga inda ake ɓarna. In kin fitar, kada ki kwance ledar nan da nan, raɓa za ta sauka kan garin ya cure, har ya yi fumfuna. Bari sai sanyin ya fita sarai, sa'an nan ki tankaɗe, ki zuba a mazubi busasshe mai murfi.

Garin da ya riga ya yi wari kuwa, sanyi ba ya gyara shi, a zubar. Fiya-fiya kuma guba ce, kada ta kusanci abin da yara za su ci.