Bashin Kamfanin Jiragen Sama: Matuƙa Ne Suka Biya

Duk ɗan Arewa da ya daɗe a Ikko yana tune da zamanin da in an ce mutum zai tafi gida ta sama, to, jirgin nan mai hoton giwa da fukafukai ake nufi. A tashi Ikeja da hantsi, a yi azahar a Kano. Wannan kamfani, watau Nigeria Airways, an kafa shi cikin 1958, Gwamnatin Tarayya ta mallake shi gaba ɗaya cikin 1961, har ya kai yana da jirage wajen 30 cikin shekarun 1980. Amma ran da aka zo rufe shi cikin 2003, zamanin Shugaba Obasanjo, jirginsa ɗaya tak ke zirga-zirga a cikin gida, ga bashin da ya haura dala miliyan 500 a wuyansa.

Yadda dukiyar ta salwanta ba ɓoyayyen abu ba ne. Ma'aikata sun yi yawa, shugabanni kuwa yau a naɗa wannan, gobe a tuɓe shi. An ɗauko Turawan KLM cikin 1979 suka riƙe kamfanin shekara biyu, suna tafiya aka koma gidan jiya. Cikin 1987 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta fitar da shi daga tsarinta na biyan kuɗi tsakanin kamfanoni saboda bashi. Daga baya hukumar bincike ta Mai Shari'a Obiora Nwazota ta gano cewa kimanin dala miliyan 400 sun yi ɓatan dabo tsakanin 1983 da 1999.

To, wa ya biya? Jama'a sukan ɗauka matuƙin jirgi babban mutum ne, in wannan kamfani ya mutu sai ya ɗauki hularsa ya shiga wancan. Ba haka abin yake ba. Lasin na tuƙin mota in an karɓa sai a jefa aljihu a manta da shi har shekaru. Na jirgi kuwa kamar wuta yake, in ba a iza ta ba sai ta mutu. Tilas ne likita ya duba matuƙi aƙalla sau ɗaya a shekara. Kowane wata shida sai an jarraba shi a cikin na'urar nan da ke kwaikwayon jirgi, wadda galibi sai an fita waje ake samunta, da kuɗin waje kuma. Har ila yau, in ya yi kwana 90 bai tashi ya sauka sau uku ba, doka ta hana shi ɗaukar fasinja sai ya sake gwaji. Muddin kamfani na da rai, shi ke ɗaukar wannan ɗawainiya. Ran da ya mutu, nauyin ya faɗo kan mutumin da aka daina biyansa albashi.

Akwai kuma wani tarko. Kowane irin jirgi da takardarsa. Wanda ya ƙware a kan DC-10 ko Airbus A310, manyan jiragen da giwa ke taƙama da su, ba zai hau wani iri ba sai ya sake kwas. Kamfanoni masu zaman kansu na lokacin, irin su Kabo na Kano, Chanchangi na Kaduna da Okada, galibi Boeing 727 da 737 da BAC 1-11 suke amfani da su a cikin gida. Wanda ya riga ya gudu daga giwa ya koma kan BAC 1-11 ma bai tsira ba, domin bayan jirgin EAS ya faɗa unguwar Gwammaja a Kano ran 4 ga Mayu 2002, Gwamnati ta hana irin wannan jirgi ɗaukar fasinja. Ga shekaru na tafiya: a lokacin kyaftin ba ya wuce shekara 60 a kan aikin ƙasa da ƙasa, sai cikin 2006 aka mai da iyakar 65. Kyaftin mai shekara hamsin da 'yan kai da ya zauna gida yana jiran a kafa sabon kamfani, sauran kwanakin aikinsa yake ƙonawa.

Maganar fansho ta fi ciwo. Sai cikin 2008, zamanin marigayi Shugaba 'Yar'aduwa, aka biya tsofaffin ma'aikatan wani kashi. Aka sake yin shiru har Satumba 2018, lokacin da Shugaba Buhari ya yarda a fitar da Naira miliyan dubu 22 da ɗoriya, watau rabin abin da aka lasafta suna bi, a raba wa mutum kusan 6,000. Sai dai fa a tuna, cikin 2003 dala ɗaya wajen Naira 130 ce, cikin 2018 kuwa ta haura 300. Ashe ko an biya, an biya ne da kuɗin da ya riga ya zube. Da yawa kuma magadansu ne suka je layin tantancewa.

Kada fasinja ya ce wannan ba ruwansa. Kamfanin da ba shi da isassun jirage haya yake ɗaukowa, kuma inda kuɗi da gaggawa suka yi rinjaye, ba a cika jin maganar injiniya ba. Mutanen Sakkwato ba su manta da 11 ga Yuli 1991 ba, ranar da jirgin DC-8 da aka yi haya daga wani kamfanin Kanada don kwaso alhazai ya kama wuta bayan tashinsa daga Jidda, mutum 261 suka rasu. Bincike ya nuna an san iskar tayoyin ba ta cika ba, amma aka saki jirgin don kada a makara, ba a kuwa gaya wa matuƙan ba.

Magadan giwa ma hanyarta suka bi. Virgin Nigeria ya fara tashi cikin 2005, ya rikiɗe ya zama Air Nigeria, ya tsaya cikin 2012. Arik, wanda ya gaji rumfunan gyaran jirage na giwa a Ikeja, hukumar karɓar basussuka ta AMCON ta ƙwace ragamarsa cikin Fabrairu 2017, ma'aikata na binsa albashin watanni. Yaran da ke fitowa daga makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, da can giwa ce ke kwashe su ta ƙara musu horo. Bayan mutuwarta sai ya zama kamfanoni na neman wanda ya riga ya sami takardar wani jirgi da kuɗin iyayensa. An sa rai da Nigeria Air da Minista Hadi Sirika ya ba da sanarwarsa cikin 2018, har aka nuna jirgi guda a Abuja cikin Mayu 2023, daga baya ya tabbata na kamfanin Habasha ne aka yi wa fenti. Cikin Agusta 2024 Babbar Kotun Tarayya a Ikko ta soke cinikin, ba a ɗauki fasinja ko ɗaya ba.