Ruwan Lambu da Inuwar Masu Shan Iska a Niyu Meziko

Ku sani, ya masu karatu, a ƙasar Amurka akwai jihar da ake kira Niyu Meziko, tudu ce mai yawan fari. Ruwan saman da Albakaki, birninta mafi yawan jama'a, ke samu a shekara bai cika inci 10 ba. Saboda haka arzikin manoman kwarin duka ya rataya ga kogin Riyo Garande, wanda ƙanƙarar duwatsun Kolorado ke cikawa in ta narke bayan sanyi.

Magudanan da ke kai ruwa lambuna, asekiya ake ce musu. Malamai za su gane kalmar: sakiya ce ta Larabci, Sifaniyawa suka gaje ta daga Andalus, suka zo da ita cikin 1598. Har yau a ƙauyukan arewacin jihar kowace magudana tana da sarkin ruwa wanda manoma ke zaɓa. Kowace shekara sai a yi gayya a yashe ta. In ruwa ya yi ƙaranci, a raba ƙarancin, kowa ya ɗanɗana.

To, danshin magudanan nan ya raya manyan itatuwa a gaɓarsu, har gaɓar ta zama hanyar shan iska ga mutanen birni, wasu a ƙasa, wasu bisa keke, wasu bisa doki. Amma birnin nan shi ke ƙara jin ƙishirwa, attajirai kuwa suna taya manoma rabonsu na ruwa. Mai sayarwa ya karɓi kuɗinsa, alhali maƙwabcinsa na ƙarshen magudana shi ke hasara, domin ruwa kaɗan ba ya nisan tafiya. Don haka cikin 2003 aka kafa doka, aka ba jama'ar magudana ikon hana fitar da ruwanta in zai cuce su.

Duk da haka tulun bai ƙaru ba. Yarjejeniyar 1938 ta wajabta wa jihar ta saki rabon Tekzas, kuma cikin 2022 kogin ya ƙafe a cikin Albakaki, abin da aka yi kusan shekara 40 ba a gani ba.

A ganinmu, mai yawo a gaɓa ya kamata ya san inuwar nan gumin manomi ce. Ran da lambu ya bushe, itace zai bi shi, hanya ta koma ƙura. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski: in birni na son inuwa, ya sa hannu cikin yasar magudana, ya bar wa manomi rabonsa. Wassalam.