Katsina ta cancanci kwana ɗaya?

Yau za mu ba ku labarin wata gardama da ta kusa raba mu da abokanmu, domin mun san da yawanku kun fara tara kuɗin yawon buɗe ido na ƙarshen zango.

Mu uku ne 'yan Ƙofar Marusa a ajinmu na jami'a a Zariya. Ƙungiyarmu ta ɗalibai ta shirya tafiyar kwana huɗu, kuma tun farko an yanke cewa Kano za a je. Muna gida hutu sai ga saƙon shugaban tafiya: "Ku Katsinawa, garinku ya cancanci mu ba shi kwana ɗaya, ko mu ƙare kwanakinmu a Kano?"

Abin ya yi mana zafi. Nan take muka aika masa da kirarin ta Dikko ɗakin kara. Ya amsa da cewa kirari ba ya sayen man mota, mu faɗa masa abin da za a gani. A nan muka yi tsuru-tsuru. A garin nan aka haife mu, amma a cikinmu mutum ɗaya ne ya taɓa shiga gidan tarihi, shi ma tun yana firamare.

Da yamma muka zauna a zaure da takarda da biro, muka yi wa kanmu tambayoyi uku.

Ta farko: me Katsina take da shi wanda ba za a same shi a Kano ba? Ganuwa da ƙofofi Kano ma tana da su, kasuwa kuwa ba a haɗa kowa da Kurmi da Kantin Kwari. Sai muka soke waɗannan. Abin da ya rage shi ne namu na kanmu. Akwai Hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsawon kusan mita 15, wadda ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15. Akwai tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Balewa kuma daga 1928 zuwa 1933. Ita ce ta koma Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya, ta zama Kwalejin Barewa. Ginin nata shi ne gidan tarihi a yau. Ga kabarin Wali Ɗan Marina da na Wali Ɗan Masani, ga Ƙofar 'Yanɗaka da Lugga ya shigo ta cikinta a 1903. Ɗalibin da ke wuce ƙofar Barewa kullum a Zariya, ai ya kamata ya ga inda aka haife ta.

Ta biyu: nawa za ta ci? Daga Kano zuwa Katsina kusan kilomita 170 ne. Zuwa da dawowa ke nan an ƙara wa motar tafiyar kilomita wajen 340, ga kuɗin kwana, ga abinci. A ajinmu akwai waɗanda da ƙyar suka haɗa kuɗin farko. Idan aka ƙara, za su janye shiru ba tare da sun faɗi dalili ba. Wannan ne ya fi damun mu. Muka je muka roƙi iyayenmu, aka yarda mazan su kwana a zaurukan gidajenmu, matan kuma a cikin gida wajen iyayenmu mata. Kuɗin masauki ya fita daga lissafi.

Ta uku: me za a cire? Kwana huɗu ba ya zama biyar don muna son garinmu. Dole ranar da aka ware wa sayayya da gidan zu a Kano ta tafi. Wasu sun ji haushi, kuma suna da gaskiyarsu.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ke irin wannan lissafi. Masu zuwa Japan yawanci Tokiyo da Kiyoto da Osaka suke nufa, sannan su tsaya suna tunanin ko za su ratsa ta Kanazawa, wani gari a gaɓar yammacin ƙasar. Bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu ba su rushe shi ba, don haka tsofaffin unguwanninsa suna nan, ga shahararren lambun Kenrokuen. Garin bai canza ba a 2015, amma a shekarar jirgin ƙasa mai gudun tsiya ya iso shi, tafiya daga Tokiyo ta koma kusan awa biyu da rabi. Amsar tambaya ta biyu ta sauya, sai baƙi suka ƙaru.

Da muka aika da takardarmu, aka amince da Katsina. Sai wata 'yar ajinmu, mutuniyar Daura, ta ce to ita fa? Daura kusan kilomita 80 ce daga Katsina, kuma babu wani gari da ke da Rijiyar Kusugu. Tambaya ta farko ta ci. Amma da muka lissafa, sai a ranar komawa za a iya ratsawa, a tsaya awa guda a ɗauki hoto, sannan a yi ta gudu don kada dare ya yi mana a hanya. Dukkanmu mun yi wa iyayenmu alkawarin ba tafiyar dare. Muka ce mata a'a, duk da mu ma jiya-jiya aka yi mana irin wannan tambayar. Ta yi kwana biyu ba ta gaishe mu ba. An rubuta Daura a tafiyar baɗi, da yininta guda cur, kuma ita za ta jagoranta.

Saboda haka idan malaminku ya ce ku kawo sunayen garuruwa, kada ku tsaya ga wanda ya fi suna. Ku rubuta abin da za ku gani a can, ku tambayi direba nisan hanya da lafiyarta, ku tuna da ɗan ajinku da kuɗin zai yi wa nauyi.

Mu dai kafin baƙinmu su iso, ranar Asabar za mu fara zuwa Gobarau, kada a tambaye mu mu rasa amsa a garinmu. Ku ma ku rubuto mana wuri ɗaya a garinku da kuke wucewa kullum ba ku taɓa shiga ba. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.