Mai haɗa fosta, ka daina rubuta ja a kan kore

Yau magana ta da kai ce, kai da kake haɗa fostar ɗaurin aure, walimar saukar karatu ko tallar shago da PixelLab ko Canva. Ka shimfiɗa kore, ka ɗora kwanan wata da ja, ka watsa a WhatsApp daga Kucheri har Tsafe da Gusau, kana jin ka burge. To ka sani, akwai wanda zai buɗe fostar nan ya ga rubutun ya narke cikin bango, ranar da wurin duk sun ɓace masa.

Ana kiran wannan makantar launi. Mai ita yana gani sarai, sai dai ja da kore suna yi masa kama da juna. Gado ne, yawanci ta wajen uwa, shi ya sa ya fi kama maza. A Turawa kusan namiji 1 cikin 12 ne, mace 1 cikin 200. A Afirka adadin bai kai haka ba, amma akwai su cikinmu, kuma da yawa ba su ma san suna da ita ba. Mark Zuckerberg, mai Facebook ɗin da kake karanta wannan a kai, yana da ita, kuma ya ce shuɗi ne launin da ya fi gani sosai.

Za ka ce ina ruwanka, ai kai kana gani. Haba malam, fostar don idonka aka yi ta? Gwajin ma ba ya cin ko sisi, yana cikin wayarka ta Android, Tecno ce ko Infinix ko Samsung:

1. Shiga Settings, nemo About phone, ka danna Build number sau 7.
2. Koma ka buɗe Developer options.
3. Gangara ƙasa zuwa Simulate color space.
4. Zaɓi Deuteranomaly ko Protanomaly don ja da kore, Tritanomaly don shuɗi da rawaya, Monochromacy don baƙi da fari.

Sai ka buɗe fostarka ka duba. In ka kasa karanta kwanan wata, gyara take buƙata. Sa fari a kan launi mai duhu, ko baƙi a kan mai haske. Kar launi kaɗai ya ɗauki saƙo: in jerin waɗanda suka biya da waɗanda ba su biya ba ne, rubuta shi da kalma. In ka gama, mayar da shi Disabled.

Ku kuma abokan sana'ata masu gyaran waya, ku ji tsoron Allah. Yaro ya taɓa wannan wurin, waya ta koma baƙi da fari, sai a ce wa mai ita sikirin ya mutu, a karɓi kuɗin sabo. Wallahi wannan cuta ce. Duk wanda wayarsa ta rasa kala, ya fara duba nan da Color correction cikin Accessibility kafin ya bari a kwance ta.

In kuma kai ne ja da kore ke rikita ka, wannan Color correction ɗin don kai aka yi shi, a iPhone sunansa Color Filters. Ka je asibitin ido a yi maka gwajin Ishihara, wanda likitan Japan ya fitar tun 1917. Ka tura wa mai haɗa maku fosta.