Tiyatar haihuwa: Yaushe ya kamata mai jego ta soma cin abinci?

A ɗakunan haihuwa na manyan asibitocin Funtua da Malumfashi da ke kudancin jihar Katsina, tambayar da dangi kan yi wa ma'aikatan jinya da zarar an fito da mace daga ɗakin tiyata ita ce: yaushe za a ba ta kunu?

Shekaru da dama amsar ba ta sauya ba a ƙasashe da yawa. Akan hana mai jego ci da sha na tsawon yini guda ko fiye, tana kan ƙarin ruwa, har sai likita ya ji motsin hanjinta ko ta fitar da iska.

Fargabar ita ce hanji kan yi sanyi bayan tiyata, don haka abinci zai iya haddasa kumburin ciki da amai.

Abin da bincike ya nuna

To sai dai wannan ra'ayi ya soma sauyawa. A shekarar 2002 wasu masana a Afirka ta Kudu, Mangesi da Hofmeyr, sun yi wa cibiyar Cochrane nazarin gwaje-gwajen da aka gudanar, inda suka ce ba su ga hujjar hana mata ci da sha ba idan aikin ya tafi lami lafiya.

A 2004 hukumar NICE ta Birtaniya ta ba da shawarar a bar macen da ke murmurewa ba tare da matsala ba ta ci ta sha duk lokacin da ta ji yunwa ko ƙishirwa. A 2019 kuma ƙungiyar ERAS, mai tsara hanyoyin gaggauta murmurewa bayan tiyata, ta ce ana iya soma cin abinci cikin sa'o'i 2.

Dalilin shi ne a tiyatar haihuwa mahaifa ake yankawa, ba hanji ba. Haka kuma yawanci allurar ƙashin baya ake yi, wadda ke kashe jiki daga ciki zuwa ƙafa, mace na farke. Taunawa da haɗiya su kansu suna tayar da hanji, mai jego ta samu ƙarfin tashi da shayar da jaririnta.

Halin da ake ciki a karkara

Sai dai ba kowace tiyata ce ke zuwa da sauƙi ba. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi ta hanyar tiyata, kuma adadin ya fi ƙanƙanta a arewa maso yamma.

A yankin manoman masara da auduga na Funtua da Malumfashi, mata da dama ba sa isa asibiti sai bayan doguwar naƙuda a gida. Talauci da nisan hanya, da kuma hare-haren 'yan bindiga da suka addabi yankuna irin su Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara a shekarun baya-bayan nan, sun ƙara dagula lamarin.

Macen da mahaifarta ta fashe, ko ta zubar da jini da yawa, ko ta yi jijjiga, ko aka taɓa hanjinta yayin aiki, dole ta jira umarnin likita. Haka nan wadda ke amai ko cikinta ya kumbura.

A watan Nuwamban 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da shirin yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta. Idan ana sallamar masu jego da wuri saboda sun murmure da wuri, gadaje za su samu ga masu zuwa, iyalai kuma su rage kashe kuɗin jinya.

Abin da ke cikin kwano

Akwai kuma batun abin da ake kawo wa mai jego, kasancewar dangi ne kan yi hidimar abinci a asibiti.

A 1974 likitoci a Zariya, ciki har da Davidson da Parry, sun wallafa wani rahoto a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya, inda suka ce ciwon zuciya na bayan haihuwa ya fi yawa a kewayen Zariya da Malumfashi. Sun danganta hakan da yawan shan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gado mai zafi.

Nazarin da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, kamar ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Duk da haka kanwa na ɗauke da gishiri mai yawa, abin da ke da haɗari ga mai hawan jini.

Don haka likitoci kan shawarci a fara da ruwa ko shayi, sai koko ko kunun gyaɗa mara kauri, sannan tuwo mai laushi da miyar ganye, da wake da ƙwai da nama domin mayar da jinin da aka rasa da kuma warkar da ɗinki.

Ƙalubalen da ke gaban asibitocin yankin shi ne su duba kowace mace da halin da take ciki, su kuma yi wa uwa da uwar miji da ke zaman jinya bayani tun kafin su buɗe kwanon da suka zo da shi.